Zumunta A Ƙafa Take: Abin Da Muka Gani A Zangon Kumasi

Bayan an sauko daga ƙaramar Salla da 'yan kwanaki, wani amininmu, tsohon ma'aikacin gwamnati a Kano wanda ya ajiye aiki, ya same mu da goro a hannu, ya ce yana neman 'yan rakiya zuwa ɗaurin auren ɗansa. Muka ce ai wannan ba sai an roƙa ba, a wace unguwa za a ɗaura? Ya yi murmushi, ya ce a Kumasi.

Mun fi shekara talatin tare da wannan bawan Allah, masallacinmu ɗaya, mun san mahaifinsa Bakano ne ɗan fataucin goro, mun kuma san yakan je ƙasar Gana jefi-jefi, amma ba mu taɓa tambayarsa dalili ba. Sai ran nan muka ji cewa mahaifiyarsa mutuniyar Asante ce, tana nan da ranta a can, kuma yarinyar da za a aura wa ɗansa jikarta ce, 'yar ƙanwarsa. Watau auren taubasai ne, sai dai iyakar ƙasa uku ce tsakanin gidan ango da gidan amarya. Mun ga ya kamata mu ba ku labarin abin da muka gani, domin kuwa a cikin masu karatun wannan fili akwai fatake da yawa da suka yi aure a ƙasashen waje, akwai kuma ma'aikatan da takardun irin waɗannan iyalai suke bi ta hannunsu.

Hanya

Kakanninmu fataken Gwanja sukan tashi daga Kano da ayarin jakuna ƙarƙashin madugu, su bi ta Jega ko Yawuri, su ƙetare kogin Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, su faɗa Sansanin Mango da Yandi, sa'an nan su sauka Salaga, tafiyar watanni. Mu kuwa ta bakin teku muka bi. Muka shiga mota daga Kano zuwa Ikko, kimanin kilomita 1,000, muka kwana. Da asuba muka nufi iyakar Seme, muka shiga ƙasar Binin, muka wuce Kwatano, muka shiga Togo, muka ratsa Lome, muka iso Aflawo inda ƙasar Gana ta fara. A yini ɗaya an buga mana hatimi a iyaka uku, kuɗin aljihunmu ya tashi daga naira ya koma sefa, ya tashi daga sefa ya koma sidi. A kowace iyaka an duba fasfo da katin rigakafin ciwon shawara, kuma a kowace iyaka masu canjin kuɗi da masu shayi da Hausa suka yi mana sannu da zuwa.

Mun kwana biyu a Akara, babban birnin ƙasar, wanda fatakenmu suke kira Ankara. Masaukinmu yana unguwar Nima, inda mutum zai wuni bai bukaci wani harshe ba in yana jin Hausa. Muka yi Sallar Juma'a a babban masallacin ƙasa na unguwar Kanda, wanda aka buɗe a shekarar 2021. Muka leƙa Sabon Zango, unguwar da Malam Baƙo ɗan Malam Neno, mutumin Katsina, ya kafa a farkon ƙarni na 20. Musulmin Gana, bisa ƙidayar 2021, sun kusa kashi 20 cikin 100 na mutanen ƙasar. Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda aka naɗa Babban Limamin ƙasa a 1993, a Ankara aka haife shi a 1919, asalin gidansu kuwa Hausawa ne. Daga nan muka kama hanyar arewa maso yamma, kimanin kilomita 250 cikin kurmi da gonakin koko, har muka iso Kumasi.

Yadda zango ya samu

Kafin mu shiga gidan biki, ya kamata mu ɗan waiwayi tarihi, don mai karatu ya gane yadda aka yi Bakano ya sami uwa a Asante. Goro ba ya yi a ƙasarmu ta Hausa, a kurmin Asante yake, mutanen da kakanninmu suke kira Tonawa. Sarakunan Asante na da ba su yarda fataken arewa su shiga kurmi su saya da kansu ba, sai a kai musu shi kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja. Can Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suke kai kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu, su ɗauko goro. Ba za mu ɓoye ba, har da bayi ake ciniki a wannan kasuwa.

A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ikon Asante a kan Salaga ya kau. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a Salaga kanta, baƙin da ke cikinta suka watse zuwa Kintampo da Yeji da Kete Kiraci da sauran garuruwa. Cikin waɗanda suka bar garin har da mashahurin malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru na Salaga, wanda ya ƙare zamansa a Kete Kiraci ya rasu a 1934. Da Turawa suka kama Sarkin Asante Firampe a 1896, suka kuma murƙushe boren 1900, sai hanyar Kumasi ta buɗe wa kowa. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1903, aka koma ɗaukar goro zuwa bakin teku, a sa shi a jirgin ruwa zuwa Ikko. Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci kafin ya koma sayen gyaɗa a Kano, kuma mahaifiyarsa ma ta yi zaman Ankara.

To, abin lura a nan shi ne, yawancin waɗannan fatake, da malamai da mahauta da tsofaffin sojan Turawa da suka cika zango, maza ne da suka zo su kaɗai. Sun zo da niyyar kwana kaɗan, shi ya sa ma aka kira wurin zango, amma ciniki ya riƙe su, suka nemi aure a inda suke. Suka auri Dagwambawa da Gwanjawa da Gurunsawa da Mosawa da Tonawa. 'Ya'yan suka tashi Musulmi, Hausa a bakinsu, dangin uwa a nan kusa, dangin uba a can Kano ko Katsina ko Sakkwato. Saboda haka duk wanda ya ce maka shi Bahaushen zango ne, in ka tambaye shi kakanninsa mata, za ka ji sunan ƙabila uku ko huɗu.

Gidan da muka sauka

Gidan bikin yana unguwar Abowabo, kusa da Asawasi, inda Musulmin Kumasi suka fi yawa. Gida ne mai tsakar gida ɗaya da ɗakuna kewaye, famfo ɗaya, murhu da yawa. Da muka zauna muka yi ta tambaya, sai muka tarar kusan kowace ƙofa da asalinta. Ga wata Bazabarma da aka auro daga Doso ta Jamhuriyar Nijar. Ga wani dattijo mahauci wanda kakansa ya zo daga ƙasar Mosi, matarsa kuwa Bayarbiya ce 'yar Ilori. Mahaifin amarya Badagwambe ne daga Yandi. Yaran gidan suna wasa da Hausa, in an aike su kasuwar Kejetiya su yi ciniki da Tuwi, harshen Asante, a makarantar boko su yi Turanci, da yamma su ɗauki allo.

Hausarsu ta ɗan ba mu dariya da fari, domin ba sa bambanta namiji da mace a magana, sai ka ji an ce amarya ya zo. Su ma suka yi mana dariya, suka ce mu Kanawa muna magana kamar ana binmu. Abinci ma haka yake a gauraye. Da safe koko da ƙosai, wanda duk ƙasar ke kira kokon Hausa. Da rana shinkafa da wake, wadda mutanen ƙasar suka ari sunanta daga bakinmu. Da dare tuwon zafi a wannan ƙofa, sakwarar rogo da ayaba a waccan, ana musayar kwano ta hannun yara.

Bazabarmar nan ta gaya mana abin da ke damunta. Ta ce tun da aka rufe iyakokin Nijar bayan juyin mulkin 2023, da kuma fitar ƙasar daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairu 2025, hankalinta bai kwanta ba, ko da yake ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar takardun mutanen ƙasar. Ga rashin tsaro a hanyar da take bi zuwa gida. Mahaifinta ya rasu, sai ta waya ta karɓi gaisuwa. Mijinta da 'ya'yanta 'yan ƙasa ne, ita kaɗai ce baƙuwa a ɗakinta.

Labarin Hajiya

Bayan Sallar Isha'i amininmu ya kai mu mu gai da mahaifiyarsa. Tsohuwa ce da ta haura shekara tamanin, tana zaune a kan buzu da carbi. Ya durƙusa ya ce, “Mma, ga abokaina.” Haka ake kiran uwa a can. Muka durƙusa muka ce, “Hajiya, mun same ku lafiya?” Ta ce, “'Ya'yana, sannunku da hanya. Ku zauna, ni na san nisan Kano, na fi shekara hamsin ina auna shi.”

Ga labarin kamar yadda ta ba mu. Ita 'yar manoman koko ce, danginta Kirista ne. Tana kawo goro kasuwa ta haɗu da wani saurayi Bakano, ta musulunta, aka ɗaura musu aure a zango, suka haifi maza biyu da mace ɗaya. Ana nan, ran 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Firayim Minista Kofi Busiya ta ba da umurni cewa duk baƙon da ba shi da takardar iznin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Mutane fiye da dubu ɗari suka fita, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da sauransu, wasu ma a can aka haife su ba su taɓa ganin wata ƙasa ba. Mijinta ba shi da takarda ko ɗaya, domin lokacin da ya zo ba a tambayar kowa takarda. Ya karyar da kayan rumfarsa, ya nemi wuri a babbar mota.

Sai maganar yara ta taso. A al'adar Asante ɗa na dangin uwa ne, ta wajen mace ake lissafin zuriya, kuma bisa tsohuwar al'adarsu ɗan 'yar'uwar mutum ne yake gadonsa. Saboda haka kawunta, wanda shi ne babban gidansu, ya ce mazan a tafi da su, amma jaririyar ba za ta fita ba, ita ce za ta ci gaba da gidan. A wajen mijinta kuwa ɗa na uba ne, kuma mazan yake so ya kai Kano su yi karatu cikin danginsa. Sai al'adu biyu da ba su taɓa jituwa ba suka jitu a kan wannan. Ita tana jego, mahaifiyarta tana kwance ba lafiya, Nijeriya kuma tana cikin yaƙin basasa, aka ce ta dakata, in ƙura ta lafa ta bi su.

Hajiya ta ce mana, “An raba mini 'ya'ya kamar yadda ake raba ƙwaryar goro, kowa ya tashi yana ganin an yi adalci. Ni ba wanda ya tambaye ni.”

Babban yana shekara bakwai, shi ne amininmu, ƙaramin yana biyar. Mijin ya isa Kano ba jari, ya yi ta fama, ya sake aure, bayan wajen shekara goma ya rasu bai koma ba. Auren nasu ba a rubuta shi a ko'ina ba, saboda haka ba ta da abin da za ta nuna ta ce ita matar ɗan Nijeriya ce. Labarin rasuwar ma sai bayan watanni ya iske ta, ta bakin wani direban motar goro, sa'an nan ta yi takaba. Ta hannun irin waɗannan direbobi aka riƙa aika wasiƙa, daga baya aka koma kaset, ta yi magana a ciki a kai Kano, a saurara, a yi amsa a mayar. Amininmu bai sake ganinta ba sai da ya kama aiki ya tara kuɗin mota, bayan shekara ashirin da wani abu. Ya iso ya manta Tuwi sarai, ya tarar da ƙanwar da ya bari a zanen goyo ta zama matar aure. Ƙaninsa kuwa Allah Ya yi masa rasuwa yana ta shirin zuwa.

Mun yi ta juya wannan labari a zuciya. Ba mu zargi marigayin ba, Allah Ya jiƙansa, tilas ce ta kore shi. Malaman Malikiyya ma sun ce reno haƙƙin uwa ne, amma idan uba ya yi ƙaura ta zama zuwa gari mai nisa bisa hanya mai aminci, yana iya tafiya da ɗansa, sai fa in uwar ta bi shi. Amma babu malamin da ya ce a bar uwa shekara ashirin ba ta ga ɗanta ba. Sada zumunci wajibi ne, yanke shi kuwa yana cikin manyan zunubai, kuma uwa ce kan gaba a cikin waɗanda ake sadarwa.

Abin da ya ci Doma

Kada wani ya ce mutanen Gana ne kaɗai suka yi haka. A watan Janairu 1983 gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar Nijeriya, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka fita. Manyan cikinmu suna tuna malaman makaranta da teloli da suka ɓace daga unguwanni cikin kwana kaɗan, kuma har yau jakar nan da suka zuba kayansu a ciki gana-mas-go ake kiranta a kasuwanninmu. Su ma wasunsu sun bar mata da 'ya'ya a nan. Wannan kuwa ya faru ne bayan an kafa ECOWAS a 1975, bayan kuma yarjejeniyar 1979 wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna kwana 90 ba biza. A lura, kwana 90 ziyara ce, matar aure kuwa zama ta zo yi. Ko a kwanan baya, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, iyakokin Nijeriya na ƙasa a rufe suke.

Amma akwai sauƙin da mutanen 1969 ba su samu ba, in an san shi an yi aiki da shi. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce wanda uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne ko da a waje aka haife shi. Sashe na 26 ya ba matar da ta auri ɗan Nijeriya damar neman zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, sai dai bai ba mijin 'yar Nijeriya irin wannan dama ba, abin da ya kamata masu aurar da 'ya'yansu mata ga baƙi su sani. Tsarin mulkin Gana na 1992 kuwa yana lissafawa har ta wajen kaka, kuma tun gyaran 1996 da dokar 2000 an yarda ɗan Gana ya riƙe ƙasa biyu. Duk waɗannan haƙƙoƙi da takarda ake tabbatar da su, takardar aure da takardar haihuwa.

Ɗaurin aure

Ran Lahadi da hantsi aka taru a ƙofar masallacin unguwa. Mahaifin amarya shi ne waliyyi, ɗaya daga cikinmu ya tsaya wakilin ango, aka ambaci sadaki da sidi aka biya lakadan, shaidu suka shaida, aka shafa fatiha, maroƙi ya sanar da Hausa da Tuwi da Dagwambanci. A ƙarƙashin rumfa ɗaya muka ga dangin Hajiya Kirista sun zo daga ƙauye, mazansu sun yafa zane a kafaɗa ɗaya irin na Asante, an ba su kujerun gaba. Hajiya ba ta taɓa yanke su ba, su ma ba su yanke ta ba, kuma Musulunci ya yi umurni da kyautata wa iyaye da dangi ko da addini ya bambanta. Alƙur'ani mai girma, a Suratul Hujurati aya ta 13, ya sanar da mu cewa hikimar yin mu ƙabilu daban-daban ita ce mu san juna.

Da aka gama, liman ya tsai da ango da waliyyi da shaidu biyu, ya ce kada su watse sai an sa ranar zuwa ofis. A Gana akwai dokar auren Musulmi tun ta 1907, wadda ta bukaci ango da waliyyi da shaidu biyu da limamin da ke da lasin su je su yi wa auren rajista kafin mako ya cika. Liman ya ce mutane da yawa suna sakaci da wannan, sai ranar rabon gado ko neman fasfo a zo ana kuka. Ya ƙara da cewa a ƙasarsu gadon mutum ɗaya yana iya faɗawa tsakanin hukunci uku: na Shari'a, da al'adar dangin uwa, da dokar gwamnati ta 1985 a kan wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, wadda ta ba matar mamaci da 'ya'yansa gida da kaso mafi girma ba tare da duba addini ba. Wanda yake da dukiya a ƙasa biyu, in ji shi, ya nemi malami ya nemi lauya tun yana da rai. Wanda kuma yake da dangin da bambancin addini ya hana su gadonsa, ƙofar wasiyya a buɗe take har sulusin dukiya.

Da la'asar Hajiya ta aiko a kira ango da mahaifinsa da mu shaidu. Ta ce a 1969 danginta sun hana 'yarta zuwa Kano, yau ga shi ita da kanta za ta ba da jikarta, amma da sharaɗi uku, kuma a rubuta. Na ɗaya, fasfon yarinya ya zauna a hannun yarinya. Na biyu, kada shekara biyu ta wuce ba a kawo ta ganin gida ba, in kuwa an ji rashin lafiyar uwa ko uba, a sa ta a hanya ko da bashi ne. Na uku, duk ɗan da aka haifa a yi masa takardar haihuwa, a kuma nema masa ta ƙasar uwarsa, a kawo shi ya san dangi tun yana ƙarami. Ango ya sunkuyar da kai ya ce, “Kaka, na ɗauka.” Ta ce, “Ba ni ka ɗaukar wa ba, ni na kusa tafiya. Allah ka ɗaukar wa.” Aka rubuta, muka sa hannu.

Kira ga 'yan'uwa

To, 'yan'uwa fatake, ku da kuke zaman Kwatano da Lome da Yawunde da Injamena da sauran garuruwa, aure a baƙon wuri halal ne, ya kuma fi zaman banza nesa ba kusa ba. Amma mun san akwai waɗanda suke yin sa a ɓoye, iyalin gida ba su sani ba, dangi ba su sani ba. Ran da ta Allah ta kasance sai a raba gado a Kano ko Katsina, alhali ga mata da marayu a wata ƙasa da rabonsu a ciki, magada su ci haram ba su sani ba, 'yan'uwan jini su tashi ba su san juna ba. A bayyana aure, a rubuta shi, a gaya wa wanda zai faɗa bayan ranka.

Wanda kuma ya ɗauko 'yar mutane daga wata ƙasa ya kawo ta gidansa, ya sani amana ce mai nauyi. 'Yar gari in an ɓata mata rai tana da gidan da za ta je ta huce, tana da wa da kawu da za su zo a yi magana. Ita wannan ba ta da kowa sai kai. Kada a riƙe mata takardunta, kada a yi mata gorin harshe ko na abinci, kada a hana 'ya'yanta jin yaren uwarsu, domin da shi za su gai da kakanninsu. Uwar miji da kishiya da maƙwabta su ma suna da nasu rabon a wannan amana.

Ku kuma 'yan'uwa ma'aikata, na ofishin shige da fice da na rajistar haihuwa da na kotuna, idan irin wannan mata ta tsaya gabanku da Hausarta mai gargada, ku yi mata bayani da haƙuri, ku nuna mata abin da doka ta ba ta. Takardar da za ku sa wa hannu cikin minti biyar tana iya zama ita ce za ta hana a raba uwa da ɗanta nan da shekara ashirin.

Ran da za mu taso, an gama ɗaure kayan amarya, ana ta koke-koke a tsakar gida, sai Hajiya ta sa aka jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Ta fito da wani ɗan ƙaramin allo da ya yi baƙi don tsufa, rubutun ya kusa shafewa. Ta ce na ƙaramin ɗanta ne, a gaggawar tafiya aka manta shi a jingine a bango. Ta miƙa wa amininmu ta ce ya kai wa 'ya'yan marigayin a Kano, ya gaya musu suna da kaka a Kumasi, in suna so su gan ta su yi sauri. Mun sami labari cewa biyu daga cikinsu sun fara neman fasfo.

Allah Ya ba ango da amarya zaman lafiya da zuriya ta gari. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, na Kano da na zango. Allah Ya ba mu ikon sada zumunci, na kusa da na nesa, Ya sa mu cika alkawarin da muka ɗauka, amin. Wasalam.